Wasiƙar shaida don shiga makarantar likitanci: ta babban farfesa ko ta malamin da ya san ki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Na gama digirin bayokemistiri a Tech, wato jami'ar KNUST, yanzu ina hidimar ƙasa, kuma burina in karanta likitanci, ko a nan gida ko a waje. An ce sai na kawo wasiƙun shaida daga malamaina. Ajinmu kuwa cike yake maƙil, ban taɓa shiga ofishin kowa ba in ban da malamar da ta duba aikin bincikena na shekarar ƙarshe, ita kuma lakcara ce, ba farfesa ba. Babana ya ce wani Alhaji abokinsa ya san wani babban farfesa, zai sa ya rubuta mini. Wanne ya fi? Kuma yaya ake neman wasiƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wa karatu albarka. Ki riƙe malamar nan taki da hannu biyu, ita ce jarinki. Na daɗe ina rubuta irin waɗannan wasiƙu, ina kuma karanta na wasu idan an zauna tantance ɗalibai, kuma abin da mai tantancewa ke nema a cikin wasiƙa ba girman sunan da ke ƙasa ba ne. Abin da yake son sani shi ne, wannan da ya sa hannu, me ya gani da idonsa?

Idan za a yi binciken aure a zango, wa ake tambaya? Ba a zuwa wurin mai sarautar da sunan uban yaro kawai ya sani. Maƙwabcin da ke ganin shigarsa da fitarsa ake nema, da wanda suka taɓa yin ciniki tare, da wanda ya ga yadda yake idan ransa ya ɓaci. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ma haka yake. Sakamakonki yana gabansu, sun riga sun san makin da kika ci. Abin da takardar sakamako ba ta faɗa shi ne yadda kike idan gwaji ya lalace ana saura mako biyu a miƙa aiki, ko kina faɗin gaskiya idan ke kika ɓata samfur, ko 'yan rukuninku na jin daɗin aiki da ke, ko za a iya barin ki da marar lafiya a juya baya. Farfesan da bai taɓa ganin ki ba zai rubuta layi huɗu ne: ɗalibarmu ce, tana da ladabi, tana da ƙwazo, ina ba da shawarar a ɗauke ta. Irin wannan wasiƙa ana gane ta tun daga layin farko, domin za a iya cire sunanki a sa na kowa ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba. Malamarki kuwa za ta iya cewa ta yi wata da watanni tana aiki da ke, ta ga ranar da sakamakonki ya ƙi yin daidai da abin da ake zato kika ƙi gyara lambobi kika sake gwajin daga farko, kuma a cikin ɗaliban da ta duba a 'yan shekarun nan kina sahun gaba. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da jagora ga masu rubuta wasiƙa, kuma abin da ta nema ke nan: a bayyana yadda aka san ɗalibi da tsawon lokacin, a kawo halayen da aka gani kai tsaye, in za a kwatanta shi da wasu a faɗi su waye wasun. Ba a ce sai farfesa ba.

Maganar Baba da Alhaji kuma, kada ki ce a'a kai tsaye, ba a mayar da hannun kyauta baya. Sauya abin da za a roƙa za ki yi. A maimakon a ce farfesa ya rubuta wa 'yarmu takarda, a ce 'yarmu na son ta riƙa zuwa ɗakin gwaje-gwajensa tana taimakawa, ko ya haɗa ta da wani mai bincike da ke neman hannu. Idan kika yi wata huɗu ko biyar a gabansa, wasiƙar da zai rubuta ta zama ta gaske. Amma a aiko babba ya karɓo miki wasiƙa, ke kanki ba ki taka ofishin ba, wannan yana zubar da ƙimar ɗalibi a idon malami, ko da bai nuna ba. Zai rubuta don kunyar Alhaji, kuma wasiƙar kunya ba ta da nauyi. Haka nan takardar ɗan majalisa ko ta sarkin zango ko ta liman. Muna girmama su, amma ba su koyar da ke ba, kuma a wasu ƙasashen ganin irin wannan takarda na sa a yi zargin ana neman shiga ta bayan gida.

Kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ki san inda za ki nema, domin abin da ake bukata ya bambanta sosai.

A nan Ghana, wanda ya fito daga sakandare da WASSCE sakamakonsa ne ke magana, sai jarrabawa da intabiyu a inda ake yi. Ke da kike da digiri, hanyarki ita ce shirin masu digirin farko, irin GEMP na Jami'ar Ghana da ake yi a Korle Bu cikin shekara 4, akwai kuma irinsa a Cape Coast. A waɗannan, darajar digirinki da jarrabawar shiga da intabiyu su ne manya. Sanarwar shekarar da za ki nema ita ce alƙali a kan takardun da za a haɗa, don haka ki karanta ta da kanki layi-layi, kada ki dogara da abin da wata ta ce an nema a bara.

A Birtaniya ta UCAS ake bi, wato hukumar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'insu, kuma shaida ɗaya tak ake karɓa. Ke za ki sa sunan mai shaidar da imel ɗinsa, su aika masa, ya cike a shafinsu. Ba a karɓar ta ɗan'uwa ko aboki. Ranar rufewa ga masu neman likitanci 15 ga Oktoba ce, makarantun likitanci 4 kawai za ki iya zaɓa, kuma fom ɗinki ba zai tafi ba sai mai shaida ya gama nasa. Wato idan malami ya yi jinkirin kwana ɗaya, shekara ce ta tafi. Tun daga masu shiga a 2024 an raba shaidar gida uku, ɗaya daga ciki na musamman ne don bayyana wani hali da ya taɓa karatun ɗalibi, kamar rashin lafiya ko rasuwa a gida. Idan akwai zangon karatun da makinki ya faɗi saboda irin wannan dalili, nan ne wurin faɗarsa, kuma sai kin gaya wa malama za ta sani.

Amurka ce ta fi cin wasiƙu. Yawancin makarantu ta AMCAS ake neman su, wato tsarin neman shiga da ƙungiyar AAMC ke gudanarwa, ana iya shigar da wasiƙu har 10, kowace makaranta kuma da nata sharaɗin. Abin da aka fi gani shi ne uku: biyu daga malaman kimiyya da suka koyar da ke, ɗaya daga malamin da ba na kimiyya ba. Amma bari in gaya miki gaskiya tun kafin ki wahalar da malamanki. Makarantun likitanci na Amurka da yawa ba sa ɗaukar ɗaliban waje sam. Waɗanda ke ɗauka, akasarinsu na son a ce an yi wani ɓangare na karatu a Amurka ko Kanada, AMCAS ma ba ta tantance takardar sakamakon jami'o'in waje, ga jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, ga shaidar kuɗin makaranta da ake nema tun kafin a fara. Shi ya sa masu digirin Ghana da suka bi wannan hanya sukan fara da digiri na biyu a can. In haka ne, wasiƙun malaman Tech za su yi miki aiki ne wajen shiga digiri na biyun, daga baya ki haɗa da na malaman can. Akwai kuma makarantun tsibiran Karebiyan da na wasu ƙasashe da ke karɓar wasiƙa biyu ba wuya. Kafin ki biya ko sidi ɗaya, ki tabbatar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana ta amince da makarantar, domin duk wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa marar lafiya a nan.

To, kin sami mutum ɗaya. Sauran fa? Ki zauna ki tuna. Wa ya koyar da ku a shekara ta uku da ta huɗu, lokacin da aji ya ragu? A darasin wa kika yi fice, ko kika tsaya gaban aji kika gabatar da aiki? Wa ya zauna a kwamitin da kika kare bincikenki? Wa yake kula da ke yanzu a wurin hidimar ƙasa? Wannan na ƙarshe ɗalibai kan manta da shi, alhali shi ne yake ganin ko kina zuwa aiki a kan lokaci. Idan a sashenku kike hidima a matsayin TA, wato mai taimaka wa malami wajen koyarwa, kin yi sa'a babba, domin malamin da kike taya duba ɗalibai a lab yana ganin ki kusan kullum. Idan a wani wuri ne, ki nemi hanyar kusantar bincike ko asibiti a watannin da suka rage: cibiyar binciken lafiya ta KCCR na nan cikin harabar Tech, ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ga asibitin Manhyia kusa da gida. Likitan da ya ga yadda kike magana da tsohuwar da ba ta jin Turanci ba ta jin Twi, kika tsaya kika fassara mata da Hausa har hankalinta ya kwanta, yana da abin faɗa wanda babu malamin aji da zai iya faɗa. Sai dai wasiƙarsa ƙari ce, ba ta maye gurbin ta malaman da suka koyar da ke.

A nan ne tarbiyyarmu ke ɗan taka mana birki. An koya mana kada yaro ya cika surutu a gaban manya, kada ya yabi kansa, musamman 'ya mace. Tarbiyya ce mai kyau, amma sakamakonta a jami'a shi ne 'ya'yanmu su yi shekara huɗu suna cin jarrabawa ba malamin da ya san fuskarsu. Zuwa ofishin malami da tambaya a kan karatu ba rashin kunya ba ne, aikinsa ne. Ki gaya wa ƙannenki da ke aji ɗaya da aji biyu wannan tun yanzu.

Yadda ake nema: ki aika gajeren imel ki gabatar da kanki, shekarar da kika gama, darasin da ya koyar da ke, ki nemi minti goma a ofis. In bai amsa ba, ki je a lokacin aiki, yawancinmu mun fi amsa wanda ya zo da ƙafarsa. Bayan gaisuwa, ki faɗi abin da kike nema da ranar rufewa, sannan ki yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yana ganin ya san ki sanin da zai iya rubuta miki wasiƙa mai ƙarfi? Kada ki tsaya a "za ka rubuta mini?" kawai. Tambayar farko tana ba shi ƙofar fita cikin mutunci, ke kuma tana tsare ki daga wasiƙar da ba ta da gishiri. Sai ki buɗe kunne. Malamanmu ba su cika cewa a'a ƙarara ba. Idan kika ji "bari mu gani", ko "ki dawo wani mako" sau biyu sau uku, ko ya fara tambayar ki tuna masa ko ke wace ce bayan kin riga kin faɗa, to ya ba ki amsa. Ki yi godiya ki nemi wani.

Wanda ya amsa da fara'a, ki sauƙaƙa masa aiki. Ki haɗa masa komai wuri ɗaya: takardar sakamakonki, tarihin karatu da aikinki, bayanin da kika rubuta na dalilin son likitanci, sunayen makarantu da ranar rufewar kowace da yadda ake aika wasiƙar. Sannan shafi ɗaya, kada ya wuce haka, na abubuwan da ya gani tare da ke: taken bincikenki, matsalar da kuka ci karo da ita da yadda aka warware, makin da kika samu a darasinsa. Malami na koyar da ɗaruruwa, tunatarwa ba yabon kai ba ce. Ki kuma faɗa masa abin da bai sani ba na rayuwarki. In kina tashi da asuba ki taya Mma sayar da koko ko shinkafa da wake kafin ki hau trotro zuwa Tech Junction, in kina koyar da yara a makarantar allo ko Islamiyya da yamma, in ke ce ta farko a gidanku da ta shiga jami'a, duk waɗannan suna canza yadda ake karanta makinki. Shi zai zaɓi abin da zai sa.

Abu biyu ne nake so ki kula da su fiye da yadda ɗalibai ke yi. Na farko, ma'aunin maki. Tech da CWA take aiki, wato matsakaicin maki a kan 100, inda 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa ƙasa da 70 daraja ta biyu ta sama. Jami'ar Ghana da ke Legon kuma GPA ne, wato matsakaicin maki a kan 4.0, daraja ta ɗaya daga 3.6. Ba'amurken da ya ga 72 zai ɗauka matsakaicin ɗalibi ne, domin a wurinsu maki ne na tsaka-tsaki. Ki roƙi malama ta sa jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana ma'anar makinki a tsarinmu da matsayinki a cikin 'yan ajinku. A nan ne kawai ambaton maki a wasiƙa ke da amfani. Na biyu, suna. Mu mutanen zango mun san halin takardunmu: Fati a wannan, Fatima a wancan, Fatimatu a fasfo, Abubakar a nan, Abubakari ko Bukari a can. Ki rubuta wa kowane malami sunanki daidai yadda yake a fasfo da fom ɗin da kika cike, harafi da harafi. Wasiƙar da sunanta bai dace da na fayil ba tana iya yin makonni ba a haɗa ta da shi ba.

Yanzu ga wadda kusan tabbas za ki ji: "Je ki rubuto, in sa hannu." Abin ya zama ruwan dare, kuma ba koyaushe don mugunta ba ne, aiki ne ya yi yawa. Amma ban so ki karɓa haka nan. Wasiƙar shaida ce ta malami, makarantar da za ta karɓa ta ɗauka kalmominsa ne, in kuma aka gano ɗalibi ne ya rubuta ana iya watsar da neman gaba ɗaya. Ganowar ma ba wuya: salon rubutunki na cikin bayanin da kika aika, in wasiƙu uku suka zo da irin jimlolinki, mai karatu ba yaro ba ne. Ban da haka, ɗalibi ba ya iya yabon kansa yadda malami zai yi. Ko dai kunya ta sa ya rage, ko ya zuba kalmomin yabo marasa hujja, kuma ba shi da ikon cewa "ta fi yawancin waɗanda na koyar", wadda ita ce jimla mafi tsada a wasiƙar. Abin da za ki ce cikin ladabi shi ne za ki kawo masa duk bayanan a jere don ya gina wasiƙar da kalmominsa, domin makarantar ta sharɗanta kada ɗalibi ya ga abin da aka rubuta. Yawanci wannan ya isa. Wanda ya dage sai dai ki rubuta ya sa hannu ko karantawa bai yi ba, ki sa shi a ƙarshen layi.

Za ki gamu da tambaya a fom ɗin makarantun Amurka ko kin yafe haƙƙinki na ganin wasiƙar. Wata dokarsu ta 1974 ce ta ba ɗalibi wannan haƙƙi. Ki ce kin yafe. Wasiƙar da aka san ɗalibi zai karanta ba a ba ta cikakken amana.

Wasiƙa ta kasance a kan takarda mai tambarin jami'a, da kwanan wata, da sa hannu, da muƙamin malami. Malamai da yawa sun fi amfani da Gmail ko Yahoo, amma ki roƙi adireshin imel na jami'a shi za ki sa a fom, domin shi ake yarda da shi. Bayan kin sa sunansa, ki sanar da shi saƙo na tafe, ya duba har cikin akwatin tarkacen saƙonni, can yake yawan faɗawa. A AMCAS akwai takardar neman wasiƙa mai ɗauke da lambarki da lambar wasiƙar, kowane malami da tasa, kada ki haɗa su. In makaranta ta ce a kawo a ambulan, a manne shi malami ya sa hannu a kan bakin.

Ki nema da saura mako shida zuwa takwas, kuma ranar rufewar da za ki faɗa wa malami ta riga ta gaskiya da mako guda. Ki guji lokacin jarrabawa da duba takardu. Ki tuna akwai dogon hutu, akwai tafiye-tafiyen taro, akwai yajin aikin malamai da ba ya sallama kafin ya zo. Tunatarwa ɗaya ana saura mako biyu, wata ana saura kwana huɗu ko biyar, a rubuce, a taƙaice. Kiran waya da daddare ko cika masa WhatsApp da saƙo ba ya sa a yi sauri. In ana neman uku, ki tanadi na huɗu. AMCAS na buɗewa a watan Mayu, makarantu da yawa kuma suna duba fayil ne yadda suka cika, saboda haka wasiƙar da ta iso a makare tana mayar da ke baya ko da ba a rufe ba.

Ba a sayen wasiƙar shaida. Takardar sakamako ce ake biya wa kuɗi a ofishin jami'a a karɓi rasit. Kuma a matsayina na uba ina gaya miki: ganawa a ofis ce, a lokacin aiki. In kina so ki je da ƙawa ta jira a ƙofa, ba wanda zai ga laifinki. Duk wanda ya ce ki same shi a wani wuri, ko ya fara kawo maganar da ba ta karatu ba, ki tashi, ki ajiye saƙonnin, ki gaya wa malamarki ko ofishin kula da ɗalibai. Babu wasiƙar da ta kai wannan.

Idan an aika, ki koma ki yi godiya, kuma ki sanar da su sakamako ko wane iri ne. In ba a dace ba a wannan karon, kada kunya ta sa ki ɓuya, domin su ɗin dai za ki sake nema. AMCAS ba ta ajiye wasiƙun bara don a yi amfani da su bana, sai an sake aikawa, akwai kuma makarantun da ba sa son wasiƙar da ta kwana biyu. Ki roƙi kowane malami ya ajiye tasa a kwamfuta, ke kuma ki riƙa aika musu labarin abin da kika ƙara yi bayan hidimar ƙasa, don idan lokaci ya zagayo a sabunta kwanan wata a ƙara sabon sakin layi.